Yadda ake ware robar da ke ɗauke da buromin daga tsofaffin kayan lantarki

Mai kwance tsofaffin talabijin da kwamfuta idonsa na kan jan ƙarfe da alminiyon da fanel, wato koren allon nan da ƙananan kayan lantarki ke manne a kansa. Robar jiki kuwa a gefe ake jefa ta, ta taru tsibi guda, daga baya a sayar wa masu niƙa ko a cinna mata wuta don a sami wuri. A cikin wannan tsibin akwai robar da aka cusa wa sinadarin hana kama wuta mai ɗauke da buromin. Muddin tana dunƙule ba a taɓa ta ba, cutarwarta kaɗan ce. Ƙura da zafi da sake narkarwa su ne ke fito da sharrinta. Ga yadda nake ware ta, daga shirin wuri har zuwa ɗaure bakin buhu.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Sinadarin hana kama wuta da ya fi yawa a bayan tsofaffin talabijin shi ne wanda ake rubutawa decaBDE, masu sana'a kuma su ce deka. Farin gari ne. Ƙirarsa zobe biyu ne na kabon da ƙwayar oksijin ɗaya ta haɗa, sai ƙwayoyin buromin goma da suka kewaye su, har buromin ya kai kusan kashi 83 cikin 100 na nauyinsa. Ana zuba shi a roba kashi 10 zuwa 15 cikin 100, tare da wani farin gari na antimoni da ke ƙara masa ƙarfi. Idan wuta ta taɓa robar, buromin na ballewa ya fita a matsayin iska, ya kame ƙananan ɓarɓashin haidurojin da harshen wuta ke rayuwa a kansu, sai wutar ta lafa.

Matsalar ita ce ba a ɗaure shi da robar ba, gauraya kawai aka yi. Shekara da shekaru na zafin na'ura yana sa ya riƙa fita a hankali yana manne wa ƙura. Ba ya narkewa a ruwa, kitse yake so, shi ya sa danginsa ke taruwa a jikin mutum da dabba. A Suwidin an auna nonon mata da aka adana daga 1972 zuwa 1997, aka ga yawan waɗannan sinadarai yana ninkawa kusan duk shekara biyar. Ƙirarsu ta yi kama da ta sinadarin da tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya, ke fitarwa, kuma bincike ya danganta su da rikita aikinsa da taɓa ci gaban ƙwaƙwalwar jarirai. Yarjejeniyar Sitokholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, ta sa penta da okta, 'yan uwan deka, cikin jerin haramtattu a 2009, wani maganin wutar mai buromin da ake kira HBCD a 2013, deka kuma a 2017. Amma haramci bai shiga cikin na'urar da aka ƙera a 1998 ya cire komai ba.

Kayan aiki

- Sukudireba iri-iri, da filaya mai yanka
- Safar hannu biyu: ta roba siririya a ciki, mai kauri a waje
- Takunkumi mai lambar N95 ko FFP2, in ka sami FFP3 ya fi
- Tabarau mai rufe gefen ido
- Riga da wandon da ba ka sa su sai wurin aiki
- Tamfol, tsummoki, da kwalbar fesa ruwa
- Tocila da alƙalamin maka
- Bokiti biyu, gishiri, sikelin da ke auna giram, sabulun ruwa, da rariya
- Wayar jan ƙarfe mai kauri, tsawon taƙi guda, da wutar gas mai shuɗin harshe
- Buhuna uku masu ƙwari, kowanne da alamarsa

Takunkumin yadi ko na asibiti mai laushi ba ya tare wannan ƙurar, domin iska ta gefe take shiga. In ba ka da mai lamba, ka dogara ga jiƙa ƙura kafin ka taɓa, ka kuma nemi na ƙwarai kafin aiki na gaba.

1. Shirya wurin

Ka zaɓi inuwa mai iska, nesa da ɗakin kwana, nesa da inda ake girki, nesa da inda yara ke wasa. Shimfiɗa tamfol, ka tsaya ta yadda iska za ta riƙa bugun bayanka. Rubuta a jikin buhuna: na farko "babu", wato babu buromin, na biyu "akwai", na uku "shakka". Abin sha da abin ci su tsaya can waje. Mai juna biyu da mai shayarwa ba aikinsu ba ne wannan, ko da tsayuwar kallo ce.

2. Raba kayan tun ba ka kwance su ba

Rabin aikin a nan yake, kuma ba ya cin komai sai ido. Tambayar da za ka yi wa kowace na'ura ita ce: tana zafi idan tana aiki, kuma yaushe aka ƙera ta? Bayan tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, da na allon kwamfuta irin na da, su ne kan gaba. Sai firinta, na'urar kwafin takardu, akwatin caja da adafta, soket, da robar da ke kewaye da wurin shigar wuta a kowace na'ura. Robar cikin firij, da ta tukunyar injin wanki, da yawancin madannai, ba kasafai ake sa musu ba.

Duba takardar da ke manne a baya don ganin shekara. Dokar Tarayyar Turai da ake kira RoHS ta fara aiki a Yulin 2006, ta ƙayyade wannan dangin sinadarai kada su wuce kashi 0.1 cikin 100, amma deka ya sami sassauci har zuwa Yulin 2008. Saboda haka duk abin da aka ƙera kafin 2009 ina ɗaukarsa abin zargi. Wanda ya zo bayan nan ma ba a wanke shi ba, don masana'antu da yawa sun koma ga wani ɗan uwan deka mai suna DBDPE, shi ma buromin goma gare shi. Sai a Maris na 2021 Turai ta hana irin waɗannan sinadarai baki ɗaya a jikin talabijin da allon kwamfuta, kuma ba kowace na'ura aka ƙera don kasuwar Turai ba.

3. Kashe ƙura kafin ka buɗe, ka kuma kashe ta bayan ka buɗe

Goge jikin na'urar da jiƙaƙƙen tsumma, musamman ramukan shan iska. Kwance sukurori, ka ɗaga murfin a hankali. A cikin tsohuwar talabijin za ka tarar da ƙura launin toka ta kwanta kamar bargo a kan fanel da ƙasan murfin, wani wurin ta dunƙule har kana iya ɗaga ta da yatsa. Wannan ƙurar ta fi robar kanta saurin shiga jikinka. Fesa wa murfin ruwa sama-sama, ka kwashe da tsumma daga gefe zuwa tsakiya, ka ninke tsumman ciki, ka jefa a buhun "akwai".

Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne hurawa, da baki ko da bulowa. Na'urar ta yi fes, ƙurar kuma ta koma gashinka da hancinka da rigarka. Tsintsiya ma haka. Injin zuƙar ƙura yana da amfani ne kawai idan matacinsa mai lambar HEPA ne, in ba haka ba ta gaba yake zuƙa ya fesar ta baya.

Gargaɗi a kan tsohuwar talabijin, ko da yake ba na buromin ba ne: kwalbar allon na iya riƙe wuta mai ƙarfi bayan an zare ta daga soket, kuma babu iska a cikinta, in ta tsage tana iya tarwatsewa. Gilashin yana da dalma. Kada ka fesa ruwa a fanel ko kwalbar, kuma in ba ka taɓa sauke wutar ba, mai gyaran talabijin ya nuna maka da hannunsa tukuna. Siraran allo na farko-farko kuma suna da ƙananan fitilu masu ɗauke da makuri, wato zaiba, a baya, a zare su ba tare da sun fashe ba.

4. Karanta tambarin da ke cikin murfin

Juya murfin, ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, don rubutun ya fito da inuwarsa. Za ka ga haruffa tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya, misali >PS-HI< ko >ABS< ko >PS-HI-FR(17)<. Haruffan farko sunan robar ne. FR na nufin an sa maganin wuta, lambar da ke biye kuma ita ce ke faɗin wane iri.

- 14 da 15: buromin irin na HBCD da makamantansa
- 16 da 17: buromin mai zobe wanda ba dangin deka ba, kamar TBBPA da DBDPE
- 18 da 19: dangin deka, okta da penta
- 20 da 21: PBB, tsohon da aka fara hanawa
- 40: na fosfaras, babu buromin

A kowane biyun nan, lamba ta biyu na nufin an haɗa da antimoni. Daga 14 zuwa 21 kai tsaye buhun "akwai", ba sai ka gwada ba. PBB ɗin nan shi ne wanda aka yi kuskuren zubawa a abincin dabbobi a jihar Mishigan ta Amurka a 1973, har aka hallaka shanu kusan 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi. Da wuya ka ci karo da 20 ko 21 yanzu, amma ka san su.

Kada ka yarda da tambari ɗari bisa ɗari. Tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi sam. Wasu an rubuta FR babu lamba. Wasu kuma tambarin a jikin ƙarfen zubi yake, masana'anta ta canza robar da take zubawa ba ta canza rubutun ba. Idan ka ga V-0 ko 5V, alama ce robar ta ci jarrabawar kashe wuta da kanta, kuma ABS ko PS-HI ba sa cin wannan jarrabawar sai da taimako. HB kuwa yawanci babu komai. Ƙa'idata ita ce: tambarin da ya ce akwai, na yarda da shi. Wanda ya ce babu, ko ya yi shiru, sai na gwada.

5. Gwajin ruwan gishiri

Wannan shi ne gwajin da na fi dogara da shi, domin ba ya buƙatar wuta. Buromin da antimoni masu nauyi ne. Robar ABS ko PS-HI tsantsa ta fi ruwa nauyi kaɗan, wajen 1.03 zuwa 1.07. Wadda aka cika da maganin wuta tana kaiwa 1.15 zuwa 1.2. In ka haɗa ruwan da nauyinsa ya tsaya tsakanin biyun, ɗaya za ta taso, ɗaya ta nutse.

Zuba giram 150 na gishiri a kowace lita ɗaya ta ruwa, ka juya har ya narke tas. Auna lita ɗaya ta haɗin a sikeli, bayan ka cire nauyin mazubin. Ya kamata ka ga tsakanin giram 1,090 da 1,100. In ya gaza ƙara gishiri, in ya wuce ƙara ruwa. Ɗiga sabulun ruwa ɗigo biyu ko uku, ka juya a hankali kada ya yi kumfa. Bokiti na biyu ruwa ne zalla.

Yanke guntu kamar faɗin babban yatsa daga kowane murfi, da filaya. Kada ka sa zarto ko giranda, gari suke yi. Zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe da ba shi da sukuru, ƙarfen da aka dasa, takarda ko soso a manne. Rubuta lamba ɗaya a guntun da murfin da ya fito, in ba haka ba bayan guntu goma ba za ka san na wane ne ba.

Fara da ruwa zalla. Abin da ya taso a nan PP ne ko PE, yawanci lafiya lau. Abin da ya nutse ka kai shi ruwan gishiri, ka danna shi ƙasa da yatsa, ka murza shi, ka saki. Murzawar nan ba ado ba ce. Ƙwayar kumfa ɗaya da ta maƙale a bakin yanka ta isa ta ɗago guntun da ya kamata ya nutse, ka kuwa sa shi a buhun "babu" da hannunka. Jira minti ɗaya. Wanda ya taso ya kwanta a sama, "babu". Wanda ya sauka ƙasa, "akwai" ko "shakka". Wanda ya tsaya a tsakiya yana lilo, "shakka".

Ba duk mai nutsewa ke da buromin ba. PC, da haɗin PC da ABS, da PVC, da robar da aka cika da garin dutse ko zaren gilashi duk suna nutsewa. Nan tambari ke taimakawa: guntun da aka rubuta PS-HI ko ABS kuma ya nutse, kusan tabbas akwai. Ta ɗaya ɓangaren, robar da aka yi da tsohuwar roba tana iya ɗaukar buromin kaɗan, wanda bai isa ya nutsar da ita ba amma ya wuce ƙa'ida. Ruwan gishiri ba ya ganin wannan. Ka kuma riƙa sake auna ruwan, don jiƙaƙƙun guntaye na tsarma shi, rana kuma na ƙafar da shi.

In ba ka da sikeli, nemi guntu biyu da ka tabbatar da su, ɗaya ABS mai tambarin HB, ɗaya mai FR(17). Riƙa ƙara gishiri har na farkon ya taso sosai, na biyun yana ƙasa.

6. Gwajin waya, ga buhun shakka kawai

Tsohon gwaji ne, wani masanin sinadarai mai suna Beilstein ya bayyana shi a 1872. Lanƙwasa bakin wayar jan ƙarfe, ka riƙe ɗaya bakin da filaya. Sa ta a shuɗin harshen gas har ta yi ja, kuma wutar ta daina canza launi. Taɓa robar da ita na daƙiƙa ɗaya, ɗan abin da ya manne ya isa. Mayar cikin wutar. Da farko za ka ga rawaya da ɗan hayaƙi, robar ce ke ci. Bayan nan in kore ya bayyana, kore shar mai ɗan shuɗi a gefen harshen, akwai buromin ko kulorin.

Kyandir ba ya yi, rawayarsa na rufe koren. Rana tsaka ma ba ka gani, sai a inuwa. Gumin yatsa yana da gishiri, in ka taɓa bakin wayar zai iya ba ka launin ƙarya, haka guntun da ya fito daga ruwan gishiri, don haka ka yanki sabo. Ƙone wayar tas tsakanin gwaji da gwaji. Gwajin ba ya bambanta buromin da kulorin, PVC ma kore yake bayarwa, sai dai wannan bai dame ni ba, domin ba na son ko ɗaya a buhun "babu".

Ni dai ba na son yawan yin sa. Kowane taɓi ƙona roba ne, ko da ƙanƙani. A yi shi a fili, iska na kwashe hayaƙin daga fuska, a kan 'yan guntayen da suka gagara kawai. Masu kunna wa gefen murfi ashana su shinshina don su gane irin robar, su daina.

7. In kana iya kaiwa ga na'urar XRF

Manyan wuraren sake sarrafa shara da wasu jami'o'i suna da ita. Ana riƙe ta a hannu, a ɗora bakinta a kan roba, cikin daƙiƙoƙi ta faɗi yawan buromin. Ma'aunin da masu wannan aiki a Turai ke bi shi ne 2,000 cikin miliyan: abin da ya wuce haka a ware shi. Robar da aka sa wa maganin da gangan takan nuna dubu hamsin zuwa sama, ba ta da wuyar ganewa. Na'urar haskenta irin na hoton ƙashi ne, kada a riƙe guntun a tafin hannu ana aunawa. Ba ta faɗin ko deka ne ko waninsa, wannan sai ɗakin gwaji. In ka sami dama sau ɗaya, kai guntayen buhun "babu", su ne masu buƙatar shaida.

8. Fanel, waya da soso

Koren fanel kusan duk yana da TBBPA, amma a nan an ɗaure shi cikin ƙwayar robar tun wurin haɗi, ba ya fita da sauƙi. Ajiye shi dunƙule. Haɗarin na zuwa ne idan aka gasa shi a kan wuta don a kakkaɓe ƙananan kayan da ke jiki. Waya a feɗe ta da wuƙa ko injin feɗewa. Sosan tsofaffin kujeru da na mota da aka yi kafin 2005 na iya ɗaukar penta, in ya fara marmashewa a jiƙa shi a sa a buhu, kada a mayar da shi cikon matashi.

9. Inda kowane buhu zai je

Buhun "babu" na iya zuwa wurin masu niƙa, amma ka gaya musu daga kayan lantarki ya fito, kada ya shiga abin da zai taɓa abinci ko bakin yaro. An sha auna baƙaƙen kayan wasan yara da kayan kicin a ƙasashe daban-daban a tarar da deka a ciki, ta wannan hanyar ya shiga. Abin da ya rage a "shakka" a juye shi cikin "akwai".

Buhun "akwai" ba a ƙona shi, ba a niƙa shi, ba a narka shi. Wutar fili ba ta da zafin da za ta rusa sinadarin, sai ma ta juya shi zuwa dayoksin da furan masu buromin, waɗanda suka fi shi dafi, ga iska mai cin huhu da ƙarfe. Wuraren da aka gina don wannan aiki suna ƙonawa a zafin da ya kai digiri 1,100, da matatun hayaƙi, wasu ƙasashen kuma suna amfani da tanderun masana'antar siminti. Tambayi hukumar kula da muhalli ta inda kake ko akwai mai lasisin karɓa. In babu, ɗaure bakin buhun, rubuta abin da ke ciki, ka ɗora a kan katako ƙarƙashin rufi. Hasken rana na ɓalle wa deka wasu ƙwayoyin buromin ya koma ƙananan danginsa, waɗanda jiki ya fi saurin sha, saboda haka tsibin da aka bari a fili shekara guda ba ajiya ba ce.

10. Tashi daga aiki

Tace ruwan gishirin da tsumma a kan rariya, ka rufe shi don gobe, tsumman da laka su bi buhun "akwai". Goge tamfol da jiƙaƙƙen tsumma, ka ninke shi fuskar aiki a ciki. Cire safar waje, sannan riga, sannan tabarau, takunkumi shi ne na ƙarshe. Kada ka kakkaɓe rigar, a wanke ta ita kaɗai, ba tare da kayan yara ba. Wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, da ƙarƙashin farce, da fuska, kafin ka taɓa wayarka ko abinci. Man goge hannu mai sifirit ba ya cire wannan ƙurar, sai ruwa da sabulu. Takalmin aiki kuma a wurin aiki yake kwana.